Taswirar hadarin da ke wayarka ba a garinku aka auna ta ba

Da an shiga watan Mayu ake fara turo su a guruf guruf na WhatsApp da shafukan Facebook, hoton taswirar Najeriya da Nijar an shafe ta da shuɗi da kore da ja, a ƙasa an rubuta wai jama'ar Kano da Jigawa da Damagaram a shirya ranar Alhamis akwai ruwa mai ƙarfin gaske, a daure a tura wa 'yan uwa. Kusan duk sikirinshot ne daga Windy ko Ventusky ko Zoom Earth, irin shafukan nan da za ka buɗe ka ga iska tana gudu a kan taswira da fararen ɗigo ɗigo, ka ja da yatsa ka leƙa Maraɗi, ka dawo Zariya, ka ja layin da ke ƙasa ka ga wai yadda sama za ta kasance jibi da gata. Alhamis ɗin ta zo rana ta ƙwalle har magariba, sai a dawo guruf ana ta dariya ana cewa ai dama ƙaryar Turawa ce, wani satin kuma babu wanda ya turo komai sai ga hadari ya haɗo da la'asar ya kwashe rufin kwanon unguwa guda.

Ni dai ina cikin masu son taswirorin nan, da damina kusan kullum sai na buɗe, kuma a ganina duk mai babbar waya da ɗan data ya kamata ya iya karanta su. Inda nake da magana shi ne yadda kyansu yake rufe mana ido. Taswirar tana nuna Kano da irin tsabtar da take nuna Landan, kala iri ɗaya, lambobi iri ɗaya, to mai kallo sai ya ɗauka ilimin da ke ƙarƙashin hoton ma ɗaya ne, alhali wallahi ko kusa ba haka ba ne, kuma yawancin laifin namu ne mu da gwamnatocinmu, masu manhajar abin da suka samu suka zana.

Bari in ɗan koma baya saboda mutane da yawa sun ɗauka Windy wata hukuma ce mai ma'aikata a kowane gari. A 2005 Google ya fito da Google Maps, a shekarar kuma ya ba masu rubuta manhaja damar su ɗauki taswirar su ɗora nasu bayanan a kai, daga nan kasuwa ta buɗe, wannan ya ɗora gidajen haya, wancan ya ɗora cunkoson mota, masu yanayi su ma suka ɗora gajimare da zafi. Shi kansa Google ya saka yanayi a taswirarsa a 2011. Akwai kuma OpenStreetMap da aka fara a Ingila a 2004, taswirar da 'yan sa kai suke zanawa kyauta, da wata ƙaramar manhaja mai suna Leaflet da wani ɗan Yukiren, Vladimir Agafonkin, ya fitar a 2011, wadda da ita shafuka bila adadin suke nuna taswira mai motsi. A ƙarshen 2013 wani injiniya, Cameron Beccario, ya yi shafin da ke nuna iskar duniya gaba ɗaya tana yawo a kan ƙwallon duniya, abin ya burge mutane sosai, shekara ta zagayo wani attajiri ɗan ƙasar Cek mai suna Ivo Lukačovič, wanda matuƙin jirgi ne kuma mai wasan iska a kan ruwa, ya buɗe Windy saboda shi ma iskar yake son sani kafin ya fita. To kun ji tushen, mutanen da suka ƙirƙiro abin damuwarsu jirgi da teku da dusar ƙanƙara, babu wanda yake tunanin ruwan shuka a Gumel.

Abin da ya kamata kowa ya gane shi ne shimfiɗa biyu ce a wayarka, ɗaya kan ɗaya. Ta ƙasa taswirar gari ce, tituna da kasuwa da masallatai, wannan kam za ka iya yin zumin har ka ga layinku. Ta sama ita ce yanayin, ita kuma ba a layinku aka auna ta ba, lissafi ne da manyan kwamfutoci suka yi a wata nahiya. Uku ne manyan da za ka fi gani a jikin manhajar, ECMWF na ƙasashen Turai da hedikwatarsa ke Reading a Ingila, GFS na hukumar NOAA ta Amurka, sai ICON na Jamus. Yadda suke yi shi ne su yanka duniya gida gida kamar gidajen dara, kowane gida a ba shi lamba ɗaya ta zafi, lamba ɗaya ta ruwa, lamba ɗaya ta iska. A lissafin ECMWF faɗin gida ɗaya ya kai wajen kilomita 9, na GFS ma ya fi haka faɗi. Kenan birnin Kano kaf 'yan gidaje ne ƙalilan, mutumin Kurna da na Fagge za su iya faɗawa gida guda, manhajar ce kawai take shafe tsakanin gidajen da kala mai santsi don abin ya yi kyan gani. Saboda haka in ka yi zumin har ƙofar gidanku ka ga an rubuta milimita 4 da ƙarfe biyar, titin ne ya matso kusa, hasashen yana nan inda yake.

Sannan ita kwamfutar ba ta fara lissafin gobe sai an gaya mata yadda yau take. Tana bukatar ma'aunin zafi da na ruwa da na danshi a ƙasa, da balan balan mai na'ura da ake saki sama, da bayanan jiragen sama, da rada, da tauraron ɗan'adam. A nan ne muke faɗuwa warwas. Hukumar yanayi ta duniya WMO ta daɗe tana faɗa cewa Afirka ce nahiyar da ta fi kowacce ƙarancin tashoshin awo a ƙasa, yawansu bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake so ba, cikin waɗanda ake da su ɗin ma wasu ba sa aika rahoto a kan lokaci. Alƙaluman da aka yi ta yaɗawa a 2023 sun ce Amurka da Tarayyar Turai a haɗe suna da radar yanayi 636, Afirka gaba ɗayanta 37, alhali Afirka ta fi su yawan jama'a. Ba sai an gaya maka ba ma, ka buɗe ɓangaren rada a irin manhajojin nan ka duba Faransa da Jamus ka ga yadda suke a rufe ruf, ka gangaro Sakkwato da Agadas da Yamai ka ga fayau. Rada kuwa ita ce take ganin ruwan da ke zuba a yanzun nan, inda yake da inda ya nufa, shi ya sa Bature zai iya duba waya ya ce nan da minti ashirin ruwa zai ɗauke ya fita, mu kuma muna amfani da manhaja iri ɗaya da tasa muna tsammanin irin wannan daidaiton.

Ƙari a kan haka irin ruwanmu ma ya fi nasu wuyar lissafi. Ruwan Turai yawanci wani ƙaton abu ne mai faɗin ɗaruruwan kilomita da ke tahowa daga teku a hankali, ana hango shi tun saura kwanaki. Namu hadari ne, ƙasa ta ɗau zafi da rana, danshi ya tashi, da yamma gajimare ya haɗu ya yi gangami, yawanci a kusa da tuddai irin na Jos ko duwatsun Ayar ko tsaunukan Kamaru ko can Darfur, sannan ya kamo hanya daga gabas zuwa yamma da iska da ƙura a gabansa, kowane yaro a ƙasar Hausa ya san gabas ake duba hadari. Wani ya mutu a hanya, wani ya haifi wani, wani ya kwana yana tafiya har ya ƙetare ƙasa guda. Kwamfutar da gidanta ya kai kilomita 9 ba ta iya ganin haihuwar irin wannan hadarin kai tsaye, kintatawa take da wata dabara, kuma an san halinta, takan kawo ruwan da wuri tun da tsakar rana, ta mai da shi ɗan yayyafi kullum a ko'ina, alhali a zahiri kwana da kwanaki ne shiru sannan a sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya. Wasu masu bincike a Karlsruhe ta Jamus sun gwada wannan a 2018, suka ɗauki hasashen ruwa na manyan cibiyoyin duniya suka auna shi da abin da ya sauka a arewacin Afirka mai zafi, har da Sahel ɗinmu, suka tarar ɗanyen hasashen ko na gobe kawai ne da ƙyar yake fin wanda zai duba tarihin shekarun baya ya ce a irin wannan ranar yawanci ana ruwa ko ba a yi, sau da yawa ma bai kai shi ba. An samu ci gaba daga lokacin, amma matsalar ba ta kau ba.

Na ga illar rashin sanin wannan a gidanmu. Ɗan baffana manomi ne, ya yi ta fama ya haɗa kuɗin buhun yuriya, kun dai san yadda taki ya koma, masararsa ta kai gwiwa tana neman na biyu amma ƙasa ta fara bushewa. Babban ɗansa da ke makaranta a birni ya zo hutu da waya, ya buɗe wata manhaja ya nuna masa shuɗi ya rufe garinsu da daren gobe, har da lamba wai kashi 80. Uban ya ɗan yi jim, ya ce shi dai bai ga alama ba, iskar ba ta juya ba kuma dare yana sanyi, yaron ya ce Baba ai wannan daga satalayit ne ba irin lissafinku ba. Suka fita da yamma suka watsa takin a sama sama ko rufewa ba su yi ba tunda ruwa zai shigar da shi. Daren ya zo an ga walƙiya can kudu, an ji ƙamshin ƙasa, ruwan ya sauka sosai a ƙauyen da ke gaba da su wanda ko a keke ba nisa, su ko ɗigo. Yuriya kuwa in ta kwana ta wuni a kan busasshiyar ƙasa cikin zafi bin iska take yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a ma'aunin masu lissafin hasashen bai ma yi kuskure sosai ba, an yi ruwa a yankin ai, kawai dai gonar mutum ɗaya ba yanki ba ce, kuma babu inda manhajar ta rubuta wa yaron hakan da harshen da zai gane. Daga ranar uban ya yanke hukunci abin waya duk shirme ne, to an yi asara biyu kenan, taki ya tafi, yarda ma ta tafi.

Kuma fa akwai ɓangaren da ya cancanci a yarda da shi, shi ne mutane suka fi tsallakewa saboda bai kai na hasashen ado ba, wato hoton tauraron ɗan'adam. Wannan ba kintace ba ne, hoton gajimaren da ke sama ne yanzu. A nan ma sa'a muka taka, taurarin Meteosat na hukumar EUMETSAT ta Turai suna tsaye ne a nisan wajen kilomita 36,000 a saman tekun Gini, kusan saitin kanmu, har sun fi ganinmu da kyau a kan masu su. Tsofaffin suna ɗauko hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 duk minti 10, yana kuma da na'urar ganin walƙiya. In ka zaɓi wannan shafin ka kunna hotunan awa biyu da suka wuce za ka ga hadarin da idonka, wani farin dunƙule mai ja ko baƙi a tsakiya, alamar kansa ya yi tsawo ya yi sanyi sosai, yana kumbura yana matsowa yamma. Irin wannan hadarin yakan yi gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa, to in ka gan shi a kan Azare da azahar yana ƙara girma, mutumin Kano yana da 'yan awanni a hannunsa.

Na taɓa zama a rumfar wani mai hatsi a Dawanau na ga yadda yake yi, ba wani dogon boko gare shi ba amma ya gane wannan. Buhunan waken suya a jibge a fili ana jiran mota, sama tas babu ko ɗigon gajimare, ya zaro waya ya duba ya ƙara dubawa, ya kira yaransa ya ce ku jawo tamfol ku ɗora duwatsu a gefe gefe, na gabas ɗin nan ya taso kuma ba ƙarami ba ne. Maƙwabcinsa yana masa tsiya wai Alhaji ka koma ma'aikacin filin jirgi ne. Bai ce za a yi ruwa ƙarfe kaza ba, cewa ya yi akwai hadari a hanya, in ya iso mun shirya in ya watse ba mu rasa komai ba sai ɗan wahalar naɗe tamfol. Wannan shi ne daidai amfani da abin, kuma masana ma nan suka karkata, akwai wani shiri da aka yi mai suna African SWIFT wanda jami'ar Leeds da hukumar yanayi ta Najeriya NiMet da cibiyar yanayi ta Afirka ACMAD da ke Yamai suke ciki, babban abin da suka matsa a kai shi ne hasashen 'yan awanni daga hoton tauraro, saboda shi ne ya fi dacewa da irin hadarinmu.

Zafi da ƙura ma taswirorin suna ƙoƙari a kansu fiye da ruwa, don su abubuwa ne masu faɗi da ba sa canzawa daga ƙauye zuwa ƙauye. In ta ce sati mai zuwa zafin Sakkwato zai haura digiri 43 to ka shirya, da wuya ta kauce da yawa. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafin garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, mutane da dama suka rasu a yankin musamman tsofaffi, irin wannan zafin ana hango shi tun saura kwanaki, da a ce ana sanar da mutane da gaske ai da an rage wani abin. Haka hazon hunturu, yawancinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, in iska ta kwaso shi za ka ga jan gari a taswirar ƙura yana gangarowa, kwana ɗaya ko biyu ya iso Kano jirage su kasa sauka, masu asma su shiga uku. Mai ciwon ƙirji da mai tikitin jirgi da ma masu lura da sanƙarau duk za su amfana da wannan shafin, amma ban cika ganin ana tura shi a guruf ba, sai dai na ruwan da shi ne mafi rauni.

Masu tura sikirinshot ɗin nan kuma don Allah a ji tsoron Allah. Hoto babu kwanan wata, babu sunan lissafin da aka ɗauko, wani ma na bara ne aka sake turowa, wani kuma an ja layin har kwana goma gaba inda ko su masu lissafin ba su yarda da shi ba aka ɗauko. Lissafin nan ana sabunta shi sau da yawa a rana, GFS sau huɗu, abin da ya nuna da safe zai iya sauyawa kafin isha'i. In za ka tura to ka rubuta ranar da ka ɗauka, ka danna ECMWF ka danna GFS ka danna ICON ka gani ko sun yi ittifaƙi, in kowa da inda ya nufa to ka riƙe abinka kada ka tayar wa mutane da hankali don neman layik.

Wani ruɗanin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗaukar taswirar ruwan sama a matsayin taswirar ambaliya. Ruwan da ya ci Maiduguri a ranar 10 ga Satumban 2024 ba daga saman Maiduguri ya sauko a daren ba, madatsar Alau ce da ke kan kogin Ngadda ta cika ta ɓalle bayan makonni ana tafka ruwa, kuma ta taɓa yin haka a 1994. Wanda ya duba waya a daren ya ga sama babu wani abin tsoro ya kwanta, me taswirar ta yi masa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600, duk akwai hannun ruwan da ya biyo Binuwai har da sakin madatsar Lagdo ta Kamaru, mutanen Haɗeja da Ringim su ma sun san wani lokacin ruwan da ke cinye musu shinkafa daga sama can wajen Tiga da Challawa yake zuwa. Wannan aikin ma'aunin kogi ne da lafiyar madatsa da magudanan da muka cushe da leda muka yi gini a kai. Google yana da Flood Hub da ke hasashen cikar koguna kuma ya haɗa da Najeriya, hukumar lura da koguna ta Najeriya NIHSA ma tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma irin ruwan Mokwa na ƙarshen Mayun 2025 da ya zo cikin dare ya kashe mutane sama da 150 yana nuna maka sanarwar da ta ce jihohi kaza da kaza suna cikin haɗari a bana ba ta tashin kowa daga barci. Ga shi kuma binciken da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku daga 1982, ko a Damagaram mun ga yadda ruwan 2024 ya rushe tsohon masallacin da ya haura shekara ɗari da hamsin.

Masu cewa wannan duk shiga gaibu ne, a gaskiya ban ga abin jayayya ba. Kakanninmu suna duba zuwan shamuwa da juyawar iska da tsayuwar kaza da 'ya'yanta su ce damina ta kusa, su yi binne su jira, babu wanda ya ce sun yi duba. Ganin hadari daga sama da na'ura da ganinsa daga bakin gona duk ganin alama ne, saukar da ruwan na Allah ne, shi ya sa ake cewa in sha Allahu kuma in an ji shiru a fita roƙon ruwa.

Inda nake so a matsa shi ne gida. NiMet tana aiki, tun dokar 2003 take a matsayin hukuma, duk farkon shekara tana fitar da hasashen damina da ranakun faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa har ana fassara shi da Hausa, tana kuma fitar da na kwana uku uku da jaridu ke bugawa. A Nijar ga cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET tun 1974 ga ACMAD duk a Yamai, masana ba su ne muka rasa ba. Amma a 2025 da ma'aikatan NiMet suka tafi yajin aiki abin da ya cika labarai shi ne jirage sun tsaya, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa ake ɗauka a matsayin mai amfani da hasashen yanayi a ƙasar nan, mai hawa jirgi ne, manomin da ya fi kowa yawa yana can baya. Kuma zamanin sanarwa a takarda mai shafi da yawa ya wuce, matasa taswira suke so su taɓa da yatsa, in hukumarmu ba ta ba su ba za su ɗauka a wajen wanda bai san akwai wani gari wai shi Maigatari ba.

Abin da ya sa Windy da ire irensa suka samu tashi shi ne Amurka ta saki bayanan GFS kyauta kowa ya ɗauka, ECMWF ma da a da yake sayarwa da tsada ya buɗe nasa a Oktoban 2025. Mu ma a yi haka mana. Duk abin da tashoshinmu suka auna a sake shi a intanet a ranar, kowa ya gani, manyan cibiyoyin can su zuba shi a lissafinsu hasashen yankinmu ya gyaru, yaranmu masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Yamai su ɗora shi a kan OpenStreetMap su yi mana taswira da Hausa, wadda za ta ce hadari ya taso daga gabas zai iya isowa bayan la'asar, ta ce marka, ta ce yayyafi, ta yi magana da murya saboda wanda bai iya karatu ba, kuma ta faɗi gaskiya a rubuce ɓaro ɓaro cewa wannan na yanki ne ba na gonarka ba. Taswirar ƙauyukan ma ba daga sifili za a fara ba, lokacin yaƙi da shan inna an zana rugage da ƙauyukan Arewa da yawa don masu rigakafi su same su. Gidajen rediyo kuwa su ne suka fi kowa isa ga manomi, me zai hana da damina a ware minti uku bayan labaran rana wani wanda aka koya wa ya buɗe hoton tauraro ya gaya wa mutane ga inda hadari yake ga inda ya dosa.

Dogaro da kyautar wasu ma akwai haɗarinsa. A Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da ayyukan USAID, shafin FEWS NET da tun 1985 ake dogaro da shi wajen hango yunwa a ƙasashe irin namu ya rufe na tsawon watanni, babu wanda ya nemi shawararmu. Tauraron na Turai ne, kwamfutar ta Turai da Amurka ce, manhajar ta ɗan kasuwa ce da gobe zai iya cewa sai an biya. Ba za mu gina irin nasu gobe ba, wannan gaskiya ne, amma ma'aunin ruwan sama fa mazubi ne mai lambobi a jiki, tashar awo mai aiki da sola kuma ba ta kai kuɗin motar rakiya ɗaya ta ayarin gwamna ba, ƙungiyar TAHMO ma a makarantu take girka nata a ƙasashen Afirka, ɗalibai su kula da ita su kuma yi karatu da ita.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take so kowane mutum a duniya ya kasance gargaɗin bala'in yanayi yana isa gare shi. Muna da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai 44, kowacce da sakatariya da sashen noma da sakandaren gwamnati. Ni abin da zan so ɗan majalisar jiharmu ya tambaya ranar kare kasafin ma'aikatar gona shi ne tashar awo nawa ce take aiki a jihar nan yau, wa yake karanta ta, ina lambobin suke zuwa, kuma nawa aka ware don a ƙara wasu kafin faɗuwar damina mai zuwa.